Langar Inna Ta Tafi Japan

Ƙarar turmi ce ta jawo kome. Ba babban turmi ba, ɗan ƙarami ne na dakan yaji, wanda na naɗo cikin zannuwa tun daga Damagaram har Lyon. A Vaulx-en-Velin muke a lokacin, hawa na huɗu, kuma matan da suka riga ni zuwa sun gargaɗe ni cewa a ƙasar nan ba a daka, don daɓen ɗakinki rufin ɗakin wani ne. Sai na riƙa ninka bargo, in ɗora turmin a kai, in yi dakana a hankali kamar mai satar kayan kanta.

Wata safiya ina cikin daka tafarnuwa da citta aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Maigidana ya tafi jami'a. Na ja hijabi, na buɗe kaɗan. Wani siririn mutum ne da baƙin kostim da tabarau, riƙe da kaye, wato littafin rubutu. Wata takwas ina Faransa ina fama da hannuwan maza, daga likita har mai gyaran fanfo, kullum ina dafe ƙirji ina ba da haƙuri. Shi wannan bai miƙo hannu ba. Haɗe ƙafafu ya yi ya sunkuya, kamar zai yi ruku'u amma ya fasa a rabin hanya. Nan take na ji ya kwanta mini a rai.

"Pardon, Madam," in ji shi. Da Faransancin da na taso da shi daga kolej na gane cewa shi ne yake zaune ƙarƙashinmu, daga Japan yake, kuma yana tsoron wani bututun ruwa a cikin bango ya kusa fashewa. Ya buɗe kayen ya nuna mini. Litinin, goma da minti bakwai, bugu arba'in da ɗaya. Talata, bugu talatin. Ranar Juma'a ce bututun ya fi tsananta. Ya rubuta wa masu kula da ginin har sau biyu, sun zo sun duba ba su ga kome ba, shi ne ya hau ya faɗa mini don kada ruwa ya ci mini kaya.

Kunya ta rufe ni. Na koma ciki na ɗauko turmin da taɓaryarsa na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya rubuta wani abu a kayen, sannan ya sake sunkuyawa. Shi ne ma ya ba ni haƙuri, wai kunnuwansa ne suka shiga abin da ba nasu ba.

Ranar na yi dambu da zogale, na zuba a langa, da maigidana ya dawo na ce ya sauka da ita. Langar nan Inna ce ta ba ni ranar da zan taso. Fara ce mai jajayen furanni, bakinta ya ɗan ɓantare a gefe ɗaya. A gindinta akwai ɗigo uku na jan fenti, alamar Inna ke nan, don kada kwanoninta su ɓace cikin na mutane a gidan biki. Da ta miƙo mini ita cewa ta yi, "Ki riƙa kai wa maƙwabta abinci a ciki, ko wane iri ne su."

A garinmu ba a mayar da kwano babu kome. Abin da ban sani ba shi ne su ma haka suke, har sun fi mu tsanani. Washegari langa ta dawo, an wanke ta har tana ɗaukar ido. A cikinta akwai wani ɗan baƙin akwati mai sheƙi, cike da ƴan ƙananan wainar shinkafa, da takarda bugun inji mai lissafa duk abin da aka sa a ciki. Can ƙasa an rubuta: babu naman alade, babu giya. Da sa hannu. To ga akwatinsa a hannuna, ni kuma ba a haife ni in mayar da shi wayam ba. Na cika shi da alkaki, na sa shi cikin langa na aika. Ya dawo mini da langa da wani akwatin. Na aika ƙuli-ƙuli. Shekara biyu muna wannan yaƙi, babu wanda ya yarda a ce shi ya fara gajiya. Wanda ya ci riba shi ne ɗan aike, wato maigidana, don yana ɗanɗana kaya a hanyar sauka, yana ɗanɗanawa a hanyar hawa.

Daga bakinsa na ji tarihin Bajapanen. Ɗan manomin shinkafa ne daga wani yanki mai yawan ƙanƙara. Ya ci wata jarrabawa mai wuya, ya shiga ma'aikatar da take kula da garuruwa da gidaje, suka turo shi shekara biyu ya ga yadda Faransawa suke zaunar da talakawansu. An ba shi gida a tsakiyar gari kusa da kogi, ya ƙi, ya ce ba zai rubuta rahoto kan matakalar da bai taka ba. Shi kaɗai a ginin ya san kwana nawa asansor, injin hawa bene, ya yi bai aiki, don yana rubutawa.

Maigidana ma ma'aikacin gwamnati ne a Yamai, a ma'aikatar ruwa, kafin ya zo ƙarin karatu. Yakan ce, "Mu ma'aikata mun san juna, ko daga ina muka fito." Ni dai abin da na gani, Bajapane yana isa ko'ina minti biyar kafin lokaci, maigidana kuwa Allah ya yi masa baiwar isa taro daidai lokacin addu'ar tashi.

Akwai ranar da na ce a tambaye shi ko in ƙara masa yaji a dambu. Maigidana ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Wai mutumin idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya sunkuya ya ce, "Zan yi nazari a kai sosai."

"To in ƙara ke nan?"

"Ke, rage! Haka muke cewa a ma'aikata idan za mu tokare ƙafar tebur da dosiyen mutum, takardun buƙatarsa."

Ina da tsohon ciki lokacin da abin ya faru. Wata Laraba da safe na aika langa ƙasa da dambu, kafin azahar naƙuda ta taso. Kwana biyar na yi a asibiti. Da na dawo da jaririyata, an cire suna daga ƙofar hawa na uku, a ƙarƙashin tamu ƙofar kuma akwai ambulan daga Bajapanen. Magajin garinsu ne ya rasu, dattawa suka kira shi ya zo ya tsaya takara, shi kuma ya ajiye aikin gwamnati ya tafi cikin kwana uku. Ya yi mana barka, ya nemi gafara, sannan layin ƙarshe: "Langar Madam tana hannuna. Ban sami lokacin shirya abin da ya dace in sa a ciki ba, kuma ba zan iya mayar da ita haka ba. Zan kawo ta da kaina."

Dariya na yi ranar. Bayan shekara uku Inna ta rasu. Ban sami jana'iza ba, kafin in isa gida an raba kayanta kamar yadda ake yi, har ƴar tabarmar sallarta ta sami mai ita. Na dawo da hannu biyu. A jirgi ne na tuna cewa abu ɗaya da ya rage mini wanda hannunta ya taɓa yana can wata ƙasa da ko a taswira sai na lalubo ta.

Kowace sabuwar shekara kati yana zuwa daga Japan. Na farko ya ce ya faɗi zaɓe, kuma laifinsa ne, ba na kowa ba. Ban taɓa jin ɗan siyasa ya faɗi haka ba, har na sa aka sake karanta mini. Akwai hoto a ciki: yana tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa cikin ƙanƙara, da farar safar hannu da wani ƙyalle mai rubutu rataye a kafaɗa, yana sunkuya wa mutanen da ko kallonsa ba sa yi. Wai kowace safiya haka yake yi kafin a tafi aiki, kuma haka neman ƙuri'a yake a can. Na tausaya masa, na sa shi a addu'a kada sanyi ya kama masa ƙirji. Shekaru suka yi ta tafiya, ya zama magajin gari, ya zama depite a majalisar ƙasa, har aka ba shi mataimakin minista. Kowane kati da layi ɗaya yake ƙarewa: "Langar Madam tana lafiya." Sai ka ce ɗiya ce na ba shi riƙo.

Mu kuma mun bar Lyon mun koma Stains, kusa da Paris, inda maigidana ya sami aiki. Katunan nan suka riƙa hawa tare da mai su. Na shekarar da ya faɗi zaɓe yana cikin durowa tare da takardun wuta. Na magajin gari ya hau kan frigo, wato firij. Na depite aka sa shi a gilashi aka rataye a falo. Sunan mutumin ma ya riƙa sauyawa a bakin maigidana: da farko "wani tsohon maƙwabcinmu", sai "abokina", sai "aminina". Ranar da ya zama mataimakin minista, da kunnena na ji ya ce wa baƙi "ɗan'uwana".

Sau ɗaya na roƙe shi. Na ce, "Malam, ka rubuta masa ya aiko mini langata ta gidan waya."

"Ku ji mini matar nan! Mutum yana zaune a majalisa yana gyara ƙasa, ni in ɗauki bik in ce ya aiko kwanon dambu? Gobe in shiga Aubervilliers in kawo miki dozin."

"Ba dozin nake so ba, Malam."

Ya kuwa kawo dozin ɗin, masu kyau, da murafensu. Na yi godiya, na jera su. Ban sake tayar da maganar ba.

Sai ciwon siyasa ya kama maigidana shi ma. Ƙungiyar mutanen garinmu mazauna kewayen Paris za ta zaɓi shugaba. Abokin karawarsa wani Alhaji ne mai rumbun kaya a Aubervilliers, mutumin da duk wanda ya shiga wurinsa sai ya fito da maiƙo a baki. Maigidana ba shi da rumbu, minista kawai gare shi. Ya ce zai yi kamfe irin na ƙasashen da suka ci gaba. Wata Juma'a ya sa farar safar hannu ya tsaya a ƙofar masallaci yana sunkuya wa masu fitowa. Da yamma wani dattijo ya aiko masa da man zafi na ciwon baya, wani kuma ya kira a waya yana tambaya cikin hikima ko abin da ya fito masa a hannu mai yaɗuwa ne.

Ana saura mako uku zaɓe wasiƙa ta zo, ba a lokacin kati ba. Ɗiyata, wadda aka haifa a makon da langa ta tafi, shekararta goma sha ɗaya a lokacin, ita ta ɗauko ta, ta karanta da ƙarfi kafin ubanta ya kai hannu. Da sunan Madam aka rubuto. Zai zo Paris taro, yana da minti ashirin a otel ɗinsa ranar Asabar, yana roƙon a ba shi dama ya mayar da langa.

Maigidana ya miƙe tsaye. "Minti ashirin da minista! Kin san abin da ake yi da minti ashirin?"

"Langa ya ce, Malam."

"Langa dalili ce kawai. Manya ba sa fitowa fili su ce ku kawo buƙatunku."

Kafin Asabar tawaga ta kai mutum shida. Har da Alhajin Aubervilliers, don shi ne mai motar da za ta ɗauke mu duka. Kowa da dosiyensa: rijiyoyin burtsatse, motar asibiti, guraben karatu. Wani ma takardar kayan gyaran motarsa ya riƙo, tun da ai ƙirar can ce. Ni an ce in zauna baya da yarinya, kuma don Allah kada in ambaci kwano a gaban mutane.

A otel muka tarar ministan ya yi furfura, amma siririn nan ne dai, da irin baƙin kostim ɗin. Gefensa wata dattijuwa sakatariya da agogo a tafin hannu. Ya hango ni, ya ɗan motsa kamar zai taso, sai babban dattijon tawaga ya fara gaisuwa, maigidana yana fassarawa. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyi, ina iyali, ina mutanen Japan baki ɗaya, ina sarkinsu. Kowace tambaya sai ministan ya sunkuya, dattijo kuwa yana ganin an sunkuya sai ya ƙaro wata. Minti shida suka tafi a nan.

Maigidana ya karɓa. Ya ba da labarin yadda shi da ɗan'uwansa suka sha tsayawa a matakala suna tattauna makomar Afirka da Asiya. Ni dai na san abin da ya bi ta matakalar nan, dambu ne. Sai Alhaji ya ce shi ma yana da ƴar magana, ya zaro takarda shafi uku.

Ɗiyata ta raɗa mini, "Maman, saura minti biyar."

Na duba ɗakin. Babu langa a ko'ina, sai wani ƙulli cikin shuɗin ƙyalle a kan kujera kusa da shi. Na ga sakatariyar ta rufe hannu a kan agogo. Na san irin mutanen nan, in ashirin ta cika ko a tsakiyar kalma ne za su tashi, ƙullin ya koma jirgi, ni kuma in ci gaba da samun kati. Na yi salati a zuci. Tun da aka haife ni ban taɓa katse maganar maza ba.

"Saura uku, Maman."

Na miƙe. Na ce, "Pardon, Monsieur."

Alhaji ya tsaya da baki buɗe a shafi na biyu. Maigidana ya rufe ido. Sauran kalmomin da na shirya duk suka gudu, amma ban buƙace su ba. Ministan ya yi zumbur ya tashi, fuskarsa kamar ta wanda aka fito da shi daga rijiya. Ashe minti goma sha bakwai yana neman hanyar tashi, amma a garinsu ma ba a katse dattijo.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓi dosiyoyin da hannu biyu, har da na kayan gyaran mota. Ya sunkuya ya ce, "Zan yi nazari a kai sosai."

Maigidana ya fassara. Tawaga ta ɗauki "Alhamdu lillahi". Idona ya haɗu da na maigidana, ya sauke nasa ƙasa.

Sannan ya ɗauko ƙullin ya zo gabana. Ya sunkuya irin sunkuyawar da ban taɓa gani ba, har na ji tsoron tabaransa zai faɗi. Ya ce ya yi latti shekara goma sha ɗaya, kuma ba shi da hujja. Ya ce duk ofishin da ya koma da ita yake komawa, tana kan kanta a bayan kujerarsa. Abokan hamayya ma sun taɓa tambaya ko kyauta ce daga ƙasar waje, ya amsa musu cewa ba tasa ba ce, ta maƙwabciyarsa ce.

Na kwance ƙyallen. Ban duba furannin ba, ban buɗe murfin ba. A gaban minista da alhazai shida na dafe murfin na kifa ta, kamar yadda mata suke yi a gidan biki. Ɗigo uku suna nan, jajaye. Na sa yatsa a kai, hawaye suka zubo.

Na ce, "Mai alamar nan ta rasu."

Ya juya ya fuskanci langar, ya sunkuya mata, ya daɗe a haka. Alhajin Aubervilliers ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Mu yi mata Fatiha." Muka ɗaga hannuwa. Muna shafawa sakatariya ta buɗe ƙofa.

Hoto ɗaya kawai aka samu na wannan ganawa, kuma kafin magariba ya zaga wayar kowa: minista a sunkuye, ni riƙe da langa, maigidana kuwa hannun rigarsa ne kawai ya fito. Da ranar zaɓe ta zo, Alhaji ne ya ci. Don kada a ɓata zumunci aka naɗa maigidana sakataren hulɗa da ƙasashen waje, aka ɗora masa bin sawun dosiyoyin nan. Har yau duk taro sai an tambaye shi ina aka kwana, shi kuma ya ce ana nazari.

Amma in koma ranar Asabar ɗin. A mota maigidana ne ya karɓi langar ya rungume ta a cinya, ko da aka yi birki bai bari ta motsa ba. Da muka shiga gida ya ajiye ta a tebur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban san abin ya kai haka a ranki ba." Na ce ba kome, Malam. Ya tafi alwala.

Na ɗaga murfin. Ɗan baƙin akwati ne mai sheƙi, cike da wainar shinkafa, da takarda bugun inji: babu naman alade, babu giya. Wannan karon har da jan hatimi. Ɗiyata, wadda tun tana ƙarama nake hana ta mayar wa maƙwabta faranti wayam, ta ɗauki akwatin ta jujjuya shi, ta dube ni.

"Maman, wannan fa nasa ne. Me za mu sa masa a ciki?"